Ɗaya cikin huɗu: lissafin da na cuci kaina da shi

Ɗan ƙanwata ya tare ni a ƙofar gida bayan Isha, nan Shara Mansur a Makka, riƙe da sakamakon gwajin jini, nasa da na yarinyar da yake nema. Shi AS, ita AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon ciwon sikila. Ba shawara ya zo nema ba, so yake in shige masa gaba wajen mahaifiyarsa. "Kawu, ai ɗaya ne cikin huɗu. Kuma an samo magani yanzu, na gani a TikTok. Kai ma ba haka ka yi ba?"

Haka na yi kuwa, a 2006. Shekara biyu kafin nan, a 2004, Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasemiya (wani ciwon jini na gado) kafin aure. Mu da malamin unguwa ke ɗaura wa aure babu mai tambayarmu takarda, sai dai yayan matata yana aiki a kemis, shi ya kafe sai an gwada. Likitan, wani Basudane mai haƙuri, ya zana gida huɗu a bayan takarda: AA, AS, AS, SS. Ya ce kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, wanda ya haɗa S biyu shi ne mai amosanin jini, wato sikila. Ni gida uku masu lafiya kawai na gani. A raina na ce in mun haifi uku sai mu tsaya, tunda na huɗun ne mai ciwo. Ban furta ba, balle ya gyara mini. Ina zaton ma ya ce "kowane ciki" da bakinsa, kunnena ne ba ya wurin. Ciki bai san abin da ya faru da yayansa ba. Lissafin sabo ne fil duk lokacin da aka samu juna biyu, ana iya haihuwar shida ba sikila ko ɗaya, ana iya jera uku.

Amma ku ma ku yi mini adalci. 'Yar kawuna ce. An biya sadaki, an kai lefe, kakarmu tana raye, ita ta haɗa abin tun muna yara. Da na fasa, da zumunci ya tsage daga Makka har Kano, kuma yarinyar za a bar wa tambarin "mai ciwo a jini". Ba ni kaɗai ba ne kuma. A shekarun farko na dokar, kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya wa akwai haɗari sun yi aurensu, don dokar gwaji ta tilasta, ba ta hana aure ba. Sai wajen 2009 masu fasawa suka kai rabi. Kun ga tare da jama'a na yi kuskurena. Sai dai jama'ar nan ba su taɓa taya ni kwana a asibiti ba.

Akwai wani abin da ya ƙara rufe mini ido. A tashar da nake lodin alhazai zuwa Madina akwai wani direba mutumin Ƙaɗif, sikila ne, ya haura arba'in, yana tuƙinsa garau. Na riƙa kafa hujja da shi. Daga baya na gane irin nasu na gabashin ƙasar nan, Ƙaɗif da Ahsa, daban yake: jikinsu yana ci gaba da ƙera himoglobin (sinadarin da ke ɗaukar iska a jini) na jarirai da yawa har girma, shi ke rage musu tsananin ciwon. Namu na Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira irin Benin, ba shi da wannan rangwame, kuma shi ne ya fi yawa a kudu wajen Jazan. Da lafiyar wani na auna ta 'ya'yana.

Na fari ya zo AA, na yi ta hura hanci a majalisa. Ta biyu SS. Na uku SS.

Ta biyun lafiya lau take har ta kusa wata shida, lokacin da himoglobin na jarirai ke ƙarewa, sai hannu da ƙafa suka kumbura, kuka dare da rana. Tsofaffi suka ce sanyi ne, wasu suka ce baki. A zaman jinya na koyi abin da na ƙi saurara a ofishin likita. Ƙwayar gadon sunanta HBB, tana kan kuromosom na 11, kuma harafi ɗaya tak ya canza a cikinta, A ya koma T. Wani Vernon Ingram ne ya gano a Cambridge a 1956 cewa ɗan bambanci guda ne a jikin himoglobin. Da iska ta yi ƙaranci a jini sai himoglobin ɗin ya sandare, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan toshewar ce ciwon ƙashin da ke sa yaro birgima. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin 10 zuwa 20, ga ƙarancin jini, ga idanu rawaya. A zafin Makka kuwa ƙishi kaɗan ya isa ya tayar da ciwon, a shiga sanyin na'ura ma ya tayar. Yakan zaɓi lokacin aikin Hajji, ina kan hanya, uwarsu ita kaɗai a bakin gado. Ita ta biya fiye da ni, alhali ni na lallashe ta da lissafin.

Wani ya ce mini S ɗin nan ba banza ya yawaita a cikinmu ba. Anthony Allison ya nuna a 1954, a gabashin Afirka, cewa mai AS yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi. Sauron muka baro a gida, gadon muka taho da shi.

Ranar da ta fi mini nauyi, 'yata ce ta dube ni ana mata ƙarin jini ta ce, "Baba, kun sani kafin ku yi aure?" Na ce mata ƙaddara ce. Ƙaddara ce kuwa, na yi imani. Amma ba ita ta tambaye ni ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, ga shi kaɗan suka rage. Ku yi gwaji kafin soyayya ta kama, ba bayan an kai gaisuwar iyaye ba. Ku da kuka san ranar haihuwar juna da kalar da kowa ke so tun makon farko, tambayar jinotaif ce ta zama abin kunya? Kuma ku daina cewa "ni O ne", wannan rukunin jini ne, ba ruwansa da maganar. A maimaita gwajin a wani wurin daban, a duba har da C da talasemiya, don kowannensu in ya haɗu da S yana ba da ciwo. In ya fito AS da AS, ku rabu. Ku yi kukan wata biyu, zai wuce.

Na faɗa, amma da ni na rabu da babu yaran nan biyu, kuma wallahi ba zan musanya su da masu lafiya goma ba. Ban san yadda zan haɗa muku maganganun nan biyu ba, ku riƙe ta farkon.

Maganin TikTok kuma gaskiya ne akwai shi. Casgevy sunansa, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Saudiyya a farkon 2024. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon mai ciwo a gyara su da fasahar gyaran ƙwayar gado mai suna CRISPR don su koma ƙera himoglobin na jarirai, wato abin da direban Ƙaɗif ya samu kyauta. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, sama da riyal miliyan 8, kuma sai an fara kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfin da kan iya hana haihuwa. Yaron da ke rancen kuɗin sabunta igama, takardar izinin zama, shi ke gaya mini an samo magani! Bidiyon minti ɗaya kuke kallo ku ɗauka kun gama karatu.

Wanda ya riga ya shiga, a gwada jariri da wuri, a riƙe fenisilin da rigakafi, a tambayi likita batun maganin haidiroksiyuriya, a yawaita ba shi ruwa. Zazzaɓi ya zo, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Kada kuma ku ɗauki maganata ku je kuna gudun masu sikila. Mai AA in ya auri SS, 'ya'yansu duk AS za su zo, ba mai ciwon ko ɗaya. Na san za ku ce don ina da 'ya a gida nake faɗa. E, don haka ne. Ta kusa isa aure, kuma duk wanda ya turo magabatansa sai ya yi gwaji tukuna, a asibitin da ni na zaɓa.