Abin da kayan gwari suka koya mini a Farin Gada

Na kai matakin da yaran kasuwar Farin Gada ta Jos ke ce mini maigida, dattawan rumfa kuwa har yanzu ni suke aika in kira musu mai shayi. Ƙarfina bai ƙare ba, amma na fara jin nauyin iyali da na masu cin abinci a ƙarƙashina, shi ya sa nake yawan yi wa kaina lissafi a 'yan kwanakin nan.

Kayan gwari ba su san jira ba. Tumatirin da aka sauke da asuba, in la'asar ta riske shi a kwando, kuɗinsa ya faɗi. Kabeji da karas sun fi shi haƙuri, dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ya fi su duka, amma shi ma da iyakarsa. Ubangidana, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa zaunar da ni ya faɗa mini haka ba. Ina dai ganin yadda yake sallama kaya da 'yar riba tun hantsi, maƙwabta na riƙe nasu suna jiran masu lodin Kudu. Da yamma shi ke da kuɗin biyan manomi.

Biyan manomi a kan kari kuwa ya fi jari ƙarfi a wannan sana'a. A 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, ɗan abin da ya tsira ƙofar masu cika alkawari aka riƙa kai shi. Haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira: manomi ba shi da asusun banki, mu ba tsaba a hannu, kaya na laushi. Mutanen ƙauye, Musulmi da Kirista, suka bar mana kayansu suka koma gida da kalmar bakinmu kawai. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya dame ni yanzu shi ne asarar da muka saba da ita har muka daina ganinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haura, amma muna nan muna jibga kwando kan kwando, na ƙasa ya isa Legas a dagargaje. Bana, in Allah Ya yarda, zan koma lodi da akwatunan roba, ko da dillalai za su yi gunaguni. Tumatirin da ya yi kwantai lokacin kaka kuma a yanka a shanya, ya zama kauɗa.

Akwai yara biyu a rumfata. Na fara koya musu rubuta shiga da fita a littafi, kuma na kira iyayensu mun tsayar da shekarar da zan sallame su da jari, a rubuce, gaban shaidu.