Ranar da na kwafsa a kan maganar zafi da sanyi

Ni dai ba farfesa ba ne, aikina kawai in karanta abin kimiyya in zo in warware wa mutane shi da harshe mai sauƙi, kuma shekarun baya na taɓa tafka wata katoɓara da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rubuta da ƙarfin gwiwa wai lokacin zafi yana zuwa ne saboda duniya ta matso kusa da rana. Ashe ba haka ba ne sam, farkon Janairu ne ma duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a Yuli kuma ta yi nisa zuwa wajen miliyan 152, abin da ke juya yanayi shi ne karkacewar da duniya ta yi ta kusan digiri 23 da rabi.

Mutum biyu suka gyara min. Na farko abokin sana'a ne, ya ɗauki hoton rubutun ya yaɗa yana cewa ku zo ku ga jahilin da ke koyar da mutane. Ta biyu wata dattijuwa ce malamar fiziks, ita tambaya ɗaya ta turo min, ta ce ɗana, in nisa ne dalili, me ya sa ake zafi a Ostareliya a Disamba alhali dusar ƙanƙara na zuba a Turai? Dukansu suna da gaskiya fa. Amma wallahi kwana uku na yi ina musu da na farkon ina neman mafita ko ta halin ƙaƙa, ita kuwa cikin minti goma na ce Mama na gode, na koma na gyara.

Kuma kar ku ɗauka ƙananan masu bayani irina ne kawai ke da wannan ciwon. A 1982 wani masanin kimiyya mai suna Dan Shechtman ya ga wani tsarin kiristal da littattafan lokacin suka ce ba zai yiwu ba, sai Linus Pauling, mutum mai lambar Nobel har biyu, ya riƙa yi masa ba'a a bainar jama'a yana nuna shi ba cikakken masani ba ne. A 2011 aka ba Shechtman Nobel a kan wannan abin dai da aka yi masa dariya.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Disamban 2010, lokacin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta tara 'yan jarida aka sanar cewa an samu wata ƙwayar bakteriya a tafkin Mono na Kalifoniya da ke iya gina jikinta da sinadarin asenik a madadin fosfaras. Rosie Redfield ta Jami'ar British Columbia ta zauna ta bi binciken dalla-dalla ta nuna inda aka yi sakaci wajen tsabtace samfurin, ba ta tsaya a surutu ba ta shiga ɗakin gwaji ta maimaita aikin, a 2012 sakamako ya nuna ƙwayar ba ta rayuwa sai da fosfaras, daga baya a 2025 mujallar Science ta janye takardar binciken na farko da ta wallafa. To wannan shi ne gyara, mai zafi ne amma a kan aikin yake. Sai dai bayan ita akwai tarin 'yan kanzagi da ko takardar ba su buɗe ba, suka yi ca a kan matashiyar da ta jagoranci binciken da zagi da cin mutunci, alhali akwai manya da sunansu ke kan takardar, akwai waɗanda suka tantance ta, akwai waɗanda suka kira taron, duk ba a ga waɗannan ba sai ita da take ƙarama a aiki.

Ba ina cewa a riƙa rufa-rufa ba ne saboda kara. Takardar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar likitanci ta Lancet, bincike a kan yara 12 kacal, ita ta tsorata iyaye da rigakafin ƙyanda, kuma sai 2010 aka janye ta aka kuma soke masa lasisin likitanci. Irin wannan ba a yi masa lallashi, a kira ƙarya da sunanta. Amma wanda ya yi kuskure da wanda ya shirya yaudara ai ba ɗaya ba ne, mu kuma mun saba sanda ɗaya muke ɗauka wa kowa.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne in kai aka kama. Masaniyar kimiyya Frances Arnold ta karɓi Nobel a 2018, a farkon Janairun 2020 ta fito da kanta a Twitter ta ce sun janye wata takardarsu saboda an kasa maimaita sakamakon, ta ba da haƙuri ta ce ba ta yi aikinta yadda ya kamata ba. Mai Nobel kenan fa. Mu kuwa da yawanmu in an kama mu sai mu lallaɓa cikin dare mu goge rubutun kamar ba a yi ba, bayan mutum dubu sun riga sun karanta sun tura wa wasu.

Ni tun daga wancan lokacin ba na gogewa, ina barin kuskuren a wurin in rubuta gyara a samansa da kwanan wata da sunan wanda ya ankarar da ni in ya yarda. In binciken da nake bayani a kai ba a tantance shi ba tukuna ina faɗa tun a layin farko, in a kan ɓeraye aka yi gwajin ba na rubuta kamar a kan mutane ne, in zanen wani na ɗauka sai na sa sunansa. Shi kuma wancan abokin sana'ar, bara ya rikita bakteriya da bairos a wani bidiyo, na zauna na rubuta masa amsa mai yaji har sakin layi uku, na karanta ta sau biyu ina jin daɗi, sannan na goge na tura masa tambaya ɗaya ta saƙon sirri. Har yau bai amsa ba, amma na ga ya gyara bidiyon.