Godiya bayan wata 14

Alhamdulillahi. Jiya na ɗaura zani na je kasuwar Terminus ta Jos da ƙafata na dawo, ban tsaya dafe mara ko sau ɗaya ba. Ku da kuka bi ni tun ranar tiyatar haihuwar nan kun san abin da hakan yake nufi.

Ɗinki ya warke, amma gefen tabon kamar an ɗora garwashi, wani lokaci ya fizge ni kamar wutar lantarki. Bakin zani ya goga, sai hawaye. Aka ce raki ne, aka ce iska ce, har ni kaina na fara zargin hankalina. Ranar da wata likita ta shafa 'yar audiga a wurin na zabura, ta ajiye audigar ta kama hannuna ta ce, "Baiwar Allah, ciwonki gaskiya ne." Wallahi kukan da na yi a ɗakin nan ban yi irinsa ba ko a naƙuda. Ta zana min a takarda yadda ƙaramar jijiya ke jin rauni wajen yanka, ko tabo ya shaƙe ta, ta yi ta aika saƙon zafi alhali fata ta haɗe. Ta ce irin wannan ciwon da ya haura wata 3 ba ya jin farasitamol. Ta ɗora ni kan amitriptyline, maganin rage zafin jijiya, da dare, aka yi min allura a kan jijiyar, masu gashin ƙashi na asibiti suka koya min murza tabon a hankali. Likita, Allah Ya ɗaukaka ki, Ya jiƙan magabatanki.

Maman 'yan biyu, kin hana ni ambatonki, ki yi haƙuri. Ke ce kike ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe biyun dare cikin sanyin Disamba na Jos, ki goya jaririyar don in samu in rintsa. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya sa kada ki ga irin wannan a kan naki. Inna, Baban yara, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya ba ni ikon kyautata muku.

'Yan'uwan da muke gari ɗaya amma wata 14 ban ga ƙafarsu ba, Allah Ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Idan sanyi ya tsananta wurin yana ɗan motsawa har yanzu, akwai sauran ganin likita wata mai zuwa. Kada ku cire ni a addu'a.