Daga Samaru zuwa Kanada: yadda ake zama da ƙanƙara

Yawancin 'yan Zariya da ke tahowa Kanada karatu a watan Satumba suke sauka, gari na da daɗi, sai su zaci sanyin nan ƙanin hunturun gida ne. Ina! Sanyin da ke tara mu gindin wutar kara da asuba a Samaru bai isa ya daskarar da ruwan randa ba. A Winifeg kuwa, digiri 30 ƙasa da sifili a Janairu ba labari ba ne.

Dusar ƙanƙara da sauƙi, ai ido na ganinta. Mai kayar da mutane ita ce siririyar ƙanƙarar da ke lulluɓe kwalta, ka ga titi baƙi wuluk ka ɗauka jiƙewa ce kawai. Takan samu idan rana ta narkar da dusa, dare ya sake daskarar da ruwan, kuma kan gada take fara kamawa, don iska na ratsa ta sama da ƙasa. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana aiki ne zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili. In sanyi ya zarce haka, sai yashi. Mai tafiya a ƙasa ya rage tsawon taku, ya fitar da hannu daga aljihu.

Mai mota ya manta da tuƙin Kwangila. Tayar da aka saba da ita takan sandare da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sama da sifili, shi ya sa ake sa tayoyin hunturu, huɗu cif, ba biyu ba. A lardin Kebek ma doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Tsayawa kan ƙanƙara na iya cin nisa har ninki goma na busasshiyar kwalta. In motar na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, danne birki ka riƙe, ko da ka ji yana rawa a ƙafarka. Aikinsa ke nan. In baya ya fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, ka juya sitiyari a hankali inda kake son zuwa. Kada ka zuba tafasasshen ruwa a gilashi, tsagewa zai yi. Abin kankarewa na roba ba shi da tsada. Wayar da za ka ga tana leƙowa daga gaban motoci kuwa ta ɗumama inji ce, a jona ta da lantarki awa biyu zuwa uku kafin fita. Idan ka maƙale a hanya, fara share dusar da ta toshe salansa kafin ka zauna ciki da inji a kunne. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, irin ta janareta ce da gawayi a rufaffen ɗaki.

Sai tafki. Wanda ya saba da dam ɗin Kubanni zai sha mamaki ya ga mutane sun kafa rumfa tsakiyar ruwa, sun huda rami suna kamun kifi. Ba da ka suke hawa ba, aunawa suke yi. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce kauri santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taro. Launi ma magana ne: shuɗiya garau ita ce mai ƙarfi, fara rabin ƙarfinta gare ta, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, kada ka taka. Guji bakin rafi da gindin gada, ruwa mai gudu na cin ƙanƙara ta ƙasa.

In ta ɓurma da kai, minti na farko na daidaita numfashi ne. Kana da kamar minti goma kafin hannu ya daina jin magana. Juya ta inda ka fito, can ne ta ɗauke ka ɗazu, ka shimfiɗa hannuwa a kai, ka riƙa harba ƙafafu har ƙirji ya hau. Kada ka miƙe tsaye, mirgina za ka yi har ka yi nisa da ramin.