Akawal ya gaya mini, ni ne ban ji ba

Ranar Sallah da yamma ina zaune bakin babban titin unguwar Nima a Akra, sai ga wani yaro da bai kai ashirin ba ya taho a sukwane kan kwalta. Ya saki likkafa, ya miƙe tsaye bisa sirdi, abokinsa na biye a babur yana ɗaukarsa da waya. Jama'a na ta ihu. Ni bakin dokin na kalla: kumfa ce gauraye da jini, linzami ya ci shi.

Na san wannan kumfar. Tun kafin a canza kuɗin Ghana a 2007 nake da wani akawal, wato baƙin doki, da aka kawo mini daga Bawku can arewa. Doki a kudu ba abin wasa ba ne, tsando na kashe su, ciyawa kuma a Akra sai da kuɗi. Dusa, kanwa, harawa, duk daga aljihuna. Ni na koya masa taɓarya, wato miƙewa kan ƙafafun baya, na koya masa durƙusawa ya gai da manya, ina kuma sunkuyawa in ɗauki hula a ƙasa yana cikin gudu. Ran Lahadi mu tafi bakin teku a Labadi, a yi ta manna masa kuɗi a goshi. Da asuba in ya ji tarina sai ya yi haniniya tun ban iso turke ba. Matata har tana kiransa kishiya.

To, wata Sallah muka yi hawa, na yi zamiya, wato a taho a guje a ja linzami doki ya tsaya cak, sau biyu a kan kwalta, mutane suka ce a ƙara. A ta uku ya cije. Ya kwantar da kunnuwa, ya ja da baya, yana ɗan ɗage ƙafar gaba ta hagu. Na gani da idona. Na zuba masa ƙaimi.

Kada ku ce mugunta ce. Da me zan ciyar da shi in ba da wannan wasan ba? Kuma shi ma yana son kiɗa, wallahi in ya ji kalangu jikinsa har rawa yake. Na sha gaya wa kaina haka. Amma ranar ba dusa nake nema ba, tafi nake nema. Kofato ya zame, muka zube, na ji ƙas kamar an karya rake. Ƙasan gwiwar doki ba tsoka, ƙashi ne da jijiya kawai ke ɗauke da duk wannan nauyi, kuma doki ba ya iya kwanciya wata da watanni ya yi jinyar karaya kamar mutum. Kafin magariba aka yanka shi. Ban tsaya ba. Ƙuguna har yau yana tashi in hadari ya haɗu.

Ku samari masu hawa, na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ga shi biyu kawai na samu. Kada ku yi zamiya ko tsayuwa bisa sirdi a kan kwalta. Ku je Tamale lokacin bikin Damba ku ga masu rawar doki na gaske, a kan ƙasa suke yi. Sannan in doki ya cije, sauka ka shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ka ji ko akwai mai zafi. Ba wai ku riƙa lallaɓa shi ba fa, doki in ya gane tsoro ya raina ka ke nan, wani lokaci sai da bulala. Ta yaya za ka bambance taurin kai da ciwo? Sai ka kwashe kashinsa shekara guda da hannunka. Ku kuwa haya kuke ɗauka ta awa biyu, ko sunan dokin ba ku tambaya. Gara ma ku tsaya a kan baburanku.

Da yaron ya dawo na yafito shi, na ce, "Ɗana, sassauta wannan linzamin, dubi bakinsa." Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ba laifi. Ya ce, "To Baba." Sai ya juya ya tambayi abokinsa ko bidiyon ya fito da kyau, ko su sake.