Ranar da na buɗe ƙofa ta 25, saƙonnin Alhaji suka koma China

Wani Alhaji dilan atamfa a Kantin Kwari ne ya ba ni aikin kwashe imel ɗin kamfaninsa daga wurin da yake haya zuwa sabarsa ta kansa. Sabar, wato kwamfutar da ke kula da imel ɗin, tana kan Rocky Linux, da Postfix mai karɓa da aika saƙo, da Dovecot mai ba mutane damar buɗe akwatunansu. Na rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayanin adireshi, zuwa daƙiƙa 300 tun kafin ranar, na kwashe akwatunan imel da manhajar imapsync, na juya MX, wato bayanin da ke nuna wa duniya sabar da za a kai wa imel ɗin kamfanin. Yaran ofis suka yi ta aika wa juna saƙo yana shiga, kowa na murna. Wannan gwajin ba ya nuna komai, domin saƙon bai taɓa fita daga cikin sabar ba.

Daga Gmail kuwa shiru. A dangin Red Hat, wanda Rocky Linux ke ciki, Postfix yana zuwa da inet_interfaces = localhost, wato kansa kaɗai yake saurara, ga katangar firewalld ba ta bar ƙofa ta 25, wadda imel daga waje ke shigowa ta cikinta, a buɗe ba. Wannan bai tayar mini da hankali ba. Sabar da ta zo ta tarar da ƙofa a rufe ba ta yar da saƙo, ajiyewa take tana sake gwadawa, galibi har kwana 4 zuwa 5.

Ashe rufin ne ke kare mu.

Ina buɗewa, saƙonnin da ke jira a waje suka fara shigowa, na leƙa /var/log/maillog, fayil ɗin da ake rubuta abin da ya faru da kowane saƙo, sai ga 550 5.1.1 User unknown layi bayan layi, wato sabarmu na cewa ba ta san mai adireshin ba. Adireshin sales da na info, waɗanda ke jikin katin Alhaji da takardun kamfani, ba akwatuna ba ne a tsohon wurin. Turawa kawai suke yi zuwa akwatin manaja, kuma imapsync akwati yake kwashewa, ba ruwansa da turawa. Amsar saba da lambarta ta fara da 4 tana nufin a dawo anjima. Ta 5 kuwa, irin 550 ɗin nan, babu dawowa, saƙon ya koma wurin mai shi ke nan.

A cikin waɗanda suka koma har da takardun kaya daga Guangzhou. Da yamma Alhaji ya kira. "Injiniya, mutanena na China sun ce adireshinmu ya mutu." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gyara, su sake turowa." Gyaran layi biyu ne a virtual_alias_maps, inda Postfix ke duba adireshin turawa, amma sai da manaja ya bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, ni ina tsamo masa sunayen daga maillog.

Abin da har yau ke ci mini rai shi ne akwai saitin Postfix mai suna soft_bounce = yes, wanda ke mayar da kowace amsar 5 ta koma 4. Da yana kunne lokacin da na buɗe ƙofar, da ko saƙo ɗaya bai koma ba. Yanzu ba na taɓa MX sai na fitar da jerin adireshin turawa daga tsohon wuri, kuma soft_bounce yana kunne har sai na ga saƙon waje ya sauka a kowane adireshi. A tuna a kashe shi daga baya, in ba haka ba wanda ya yi kuskuren rubuta adireshi sai ya shafe kwanaki bai san saƙonsa bai isa ba.