Na fitar da tukunyar gas daga ɗakin tsaki

Laraba, bayan isha'i, Jos.

Yau kwana huɗu da kawo 'yan tsakin nan guda 300, sanyin bana kuwa bai zo da wasa ba. A makon farko sai ɗumin wurinsu ya kai kusan digiri 33, shi ya sa hitar gas ba ta hutawa dare da rana.

Da asuba na leƙa na tarar sun cure wuri guda suna ta kuka, wutar ta yi ƙasa sosai. Jikin tukunyar ya yi raɓa, gindinta sanyi ƙalau. Ƙanena har ya jawo ta dab da hita. Ya ce, "Yaya, bari ta ji ɗumi, gas ɗin zai fi fitowa." Gabana ya faɗi. Na rufe kan tukunyar tukuna, sannan na janye ta.

Ban yi masa faɗa ba, don tausayin tsakin ne ya sa shi. Na zaunar da shi na ce abin da ke ciki ruwa ne, sai ya zama iska yake fita, kuma wajen zama iskar ne yake zuƙe zafin ƙarfen. In gas ya kusa ƙarewa ga kuma hunturu, dole ƙarfinsa ya ragu. Zafi kuwa kumbura shi yake yi, shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, ana tsayawa wajen kashi 80 cikin 100. Maganinta a sake ɗuri, ba a gasa ta ba.

Da hantsi na kai mai kilo 12.5 aka cika. Mai keke ya so ya kwantar da ita a ƙasan kujera, na ce, "Malam, yi haƙuri, a tsaye za ta tafi." Na riƙe ta tsakanin ƙafafuna har gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan na ɗaura regileta, abin da ake sa wa a kan tukunya don daidaita fitar gas. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a duk mahaɗa, kamar yadda na saba. A bakin tiyo sai ga kumfa tana tasowa a hankali. Ya tsage, tsagar da ido ba zai gani ba. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ƙasan kuwa nan ne tsakin suke, a kan busasshiyar dusar katako, ga wuta a samansu. Warin da ake zuba masa don a gane yoyo ma, warin kashin kaji ya danne shi. Kwana nawa muka yi a haka? Allah ne kawai Ya tsare.

Na sayo sabon tiyo mai tsawo da maɗauri biyu. Tukunyar yanzu tana waje a inuwa, a tsaye kan bulo, tiyon ya bi ta ƙasan taga. Tagar sama kuma na hana a toshe ta da leda duk sanyi, saboda hita na cin iskar ɗaki, kuma tana iya fitar da guba marar wari.

Yanzu na dawo daga duba tsakin. Sun bazu ko'ina, wasu na cin abinci, wasu sun miƙe ƙafa suna barci. Na saita agogo ƙarfe 2 na dare, kofin ruwan sabulu na nan bakin ƙofa.